Igiyar da Na Auno Ƙofar Shanu da Ita

Tun da na dawo daga ƙasar Benin ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a benci sai wani ya matso: "Alhaji Ɗanjuma, ka ga jirgin?" Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na rubuta. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Ga abin da ya tayar da ni: burtali ɗaya, mashaya ɗaya, rugage goma sha ɗaya, da amanar shekara ashirin da shida. Kwana tara kuma aka ba mu.

Ni dillalin shanu ne a Bagudo. Ban gaji sana'ar ba, da jan akuyar mutane na fara a kasuwar Lolo. Yau duk rugagen da ke yamma da gari, in za a fitar da sa, ta hannuna yake bi. Shanun nan ta burtali ɗaya suke sauka mashaya, ta nan kuma ake koro su kasuwa. Bayan an yanke shinkafa sai muka wayi gari an kafa turaku masu jan kai, sun ratsa burtalin daga gabas zuwa yamma. Wasu suka ce titi ne, wasu suka ce wayar wuta. Sai da wata mata ta zo da mota da takardu muka ji cewa layin dogo ake son shimfiɗawa. Injiniya Safiya sunanta. Ta ce aikinta shi ne ta gano ɓarnar da aikin zai yi wa mutane da ruwa da dabbobi tun kafin a sa hannu. Ta ce za a ɗaga ƙasa ta fi tsawon ɗaki, jirgi ya bi ta sama, a bar ƙofofi a ƙasa, na ruwa da na shanu. Girman ƙofar shanu kuwa yana ga lambar da za a sa a wani ɗan gurbi a takardarta: shanu nawa ke wucewa a rana.

Ta tambayi Ardo Bello, shugaban rugagen. Ardo ya dubi sandarsa, ya ce, "'Yan kaɗan ne, ɗiyata."

"Baba, kaɗan ɗin nawa?"

"Na shan nono."

Duk wanda ya zauna da Fulani ya san ba a faɗin yawan shanu. Ko ɗa ba ya tambayar ubansa. Wani bakin mutane yake tsoro, wani jangali yake tunawa, wani kuma haka ya taso ya tarar. Sai Injiniya ta juyo gare ni, don an gaya mata dillali ya sani. Na kuwa sani, ruga ruga. Amma abin da ya sa suke kawo mini shanunsu shi ne ba su taɓa jin lambar a bakina ba. In na faɗa, na rasa su. In na yi shiru aka yi ƙofa ƙarama, shanu suka canza hanya, na rasa su ta wata fuskar. Na ce mata zan yi tunani. Ta ce nan da kwana tara za ta dawo.

Wani direban tirela ne ya ce mana can cikin Benin akwai ƙauyen da aka taɓa yi wa irin wannan tudu. Ardo ya ce in je in gano da idona, ya haɗa ni da ƙanensa Buba, wanda yake jin Dandanci, harshen mutanen can, ya kuma girme ni da shekara biyu, ba ya barin in manta. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, saboda abin da zan faɗa a kan mutanensa.

Mun hau kabu-kabu biyu zuwa Lolo. Ni da babbar riga da hula sabuwa, don ina ganin aikin gari ya kai ni. Buba kuwa da sanda, da malfa, da igiyar ɗaure sa a kafaɗa.

Na ce, "Buba, ina za ka da igiya? Jirgin za ka ɗaure?"

Ya ce, "Kaɗo, kai mi ka riƙo? Tumbi?"

A bakin iyaka wani mai kaki ya duba katunanmu, ya yi tambaya da Faransanci. Wani da ke gefensa ya juya ta zuwa Dandanci, Buba ya juyo mini ita da Hausa. Me za mu je yi? Na ce ganin jirgin ƙasa. Maganar ta tafi ta bakuna uku ta dawo: babu jirgi a can. Na ce to, ganin inda jirgin yake wucewa. Ta dawo: ba ya wucewa. Na ce to, ganin inda shanu ke wucewa a ƙarƙashin inda ba ya wucewa. Mutumin ya ajiye biro, ya dube ni ya daɗe, sannan ya rubuta wani abu ya buga hatimi. Da muka fito na tambayi Buba me aka rubuta. Ya ce tafinta ya gaya masa an sa mu cikin masu yawon buɗe ido. Ni da ban taɓa barin kasuwa don kallo ba.

A can ɗan kabu-kabu ba ya ɗaukar ka sai ka sa hular kwano. Mu a gida in ka ga mutum da ita, sai a ce ko soja ne ya yi ritaya. Na cire hulata na cusa a aljihu, na kifa kwanon a kai. Da muka sauka tashar mota na sa hannu, babu hula. Alhaji guda a ƙasar mutane, kai a buɗe kamar wanda ya fito daga wurin wanzami. Buba ya yi dariya har ya dafa sanda, sannan ya ɗora mini malfarsa. Haka na yi sauran tafiyar, babbar riga a ƙasa, malfar makiyayi a sama. Duk inda muka tsaya mutane ba su san da wane harshe za su gaishe ni ba.

Motar da muka shiga tsohuwar fijo ce. Mu huɗu a gaba, har da wani da ya zauna tare da direba a kujera ɗaya, sai an ce ya ɗaga ƙafa kafin a canza giya. Ba wanda ya yi ƙorafi. A hanya aka tsaya cin abinci. Aka kawo wani farin abu a ganye, kamar kamu da ya daskare, suna ce masa akasa, da miyar tumatir mai yaji. Na ci don yunwa. Burodinsu dogo ne kamar sandar Buba, taurinsa ma kusan ɗaya. Amma cukunsu da ake soyawa, wannan kam na yarda da shi, har na tambayi mai sayarwa yadda ake yi, ta yi bayani mai tsawo, Buba ya fassara mini da kalma biyu: "Nono ne."

Mun isa ƙauyen rana tsaka. Muka nufi ofishin mai gari don mu gabatar da kanmu, muka tarar a kulle. Shagon da ke kusa ma a kulle. Na ce ko rasuwa aka yi. Aka ce a'a, hutun rana ne, sai wajen la'asar a buɗe. A Lolo in ka rufe rumfa da tsakar rana, kafin ka isa gida an riga ka da gaisuwar ta'aziyya.

Aka nuna mana gidan wata dattijuwa mai saukar da fatake, Inna Fati. Tana jin Hausa sosai, ta taɓa zama a Kamba. Ta ba mu ɗaki da tabarma biyu da gidan sauro guda uku. Na ce mu biyu ne. Ta ce, "Ɗana, na ukun ka ninka a kan na farko. Sauron nan na jirgi ne."

Da safe muka fita ganin tudun. Ba sai an nuna maka ba, ya tare gabas gaba ɗaya, doguwar ganuwa ta jar ƙasa, ba ka ganin farkonta ba ka ganin ƙarshenta. Muka hau. Ga ƙarfen dogo nan a shimfiɗe, ya yi tsatsa, mata sun shanya barkono da rogo a tsakani, awaki na kwance a kai suna tuƙa. Na tambayi wani mutum yaushe jirgi ke zuwa. Ya ce ya taɓa zuwa sau ɗaya. Na kusa da shi ya ce wannan ba jirgi ba ne, motar ma'aikata ce mai ƙafar ƙarfe. Suka fara gardama da harshensu, muka bar su a nan.

Daga nan kaina ya fara ɗaurewa. A gefen tudun akwai wani ƙaton rami cike da ruwa, inda aka ɗebi ƙasar da aka yi tudun. Wani masunci na cikin kwalekwale. Na tambaye shi ko aikin nan ya cuce su. Ya ɗaga tarwaɗa ya ce Allah ya saka wa wanda ya haƙa ramin, da can sai ya yi tafiyar yini kafin ya jefa koma. Na ce a raina, ashe alheri ne. Muka koma cin abinci, na gaya wa Inna Fati. Ta ajiye ludayi.

"Alheri? Ka tambaye shi ina gonata. Ruwan damina da can ya zo ya wuce, kwana uku ya janye. Yanzu ya zo ya tarar da bango, sai ya zauna. Shinkafa tana son ruwa, amma ba ta son ya rufe mata kai wata guda."

"Ba a tambaye ku ba kafin a yi?"

"An tambaya. Da rani, a ƙofar mai gari, maza zalla. Aka ce ina ruwa ke bi? Suka nuna rafi. To rafi kowa ya san shi. 'Yar ƙoramar da ke bi ta bayan gonaki, mu masu tsayawa cikinta har gwiwa mu muka san ta. Mu kuwa muna nan muna dafa wa baƙin abinci."

Na ce to ramin fa? Ta ce ramin ya ba mutum ɗaya kifi, ya ba gari duka zazzaɓi. Sai maƙwabciyarta ta leƙo ta katanga ta ce ita dai da ruwan ramin take ban ruwan albasa, kada a sa ta cikin masu kuka. Na kalli Buba. Ya ce, "Kada ka dube ni, Kaɗo. Kai aka aiko."

Ƙofar shanun muka nema bayan azahar. Mun wuce ta sau biyu ba mu gane ba, domin wani mai facin taya ya kafa sana'arsa a ciki, ga kwalaben fetur a jere a baki. Ya ce duk ƙauyen babu inuwa mai sanyi kamarta. Rami ne na siminti, dogo, mai duhu, kana magana tana dawo maka. Na duba ƙasa, ban ga kashin shanu ko ɗaya ba. Na ce ina shanun? Ya nuna can nesa, inda gefen tudun ya zaizaye ya yi kwari. Ta nan suke hawa su tsallaka, in ba a kama su ba. Waɗanda ba sa son rigima da hukuma kuwa sai su zagaya, tafiyar rabin yini.

A nan malfar Buba ta yi mini rana. Ardon wurin, wani tsoho mai ido ɗaya, ya ga malfa ya ɗauka ni ma na ruga ne da ya shiga birni ya lalace. Ya sa aka shimfiɗa mana buzu, aka kawo kindirmo. Suka yi ta gaisuwar Fulatanci, jam, jam, da Buba har na fara gyangyaɗi. Can Buba ya kawo maganar ƙofa. Tsohon ya juya zuwa Hausa don ni ma in ji.

"Sun zo da takarda. Suka ce nawa ke wucewa. Na ɗauka haraji ne. Na ce talatin."

Buba ya sunkuyar da kai. Bai tambayi nawa ne na gaskiya ba, ni ma ban tambaya ba. Amma ni dillali ne, na riga na ga faɗin sawun da ke gangarowa daga rugarsa.

"Suka yi mini ƙofar talatin," in ji tsohon. "Ba su yi ƙarya ba. Ranar farko muka koro su. Na gaba ta ga duhu ta tsaya, na baya suka turo. Ƙaho ya shiga ƙaho. Maruƙa biyu aka tattake a ciki. Tun daga ranar, ko da sanda ba su shiga. Saniya ba ta manta wuri."

Na ce, "Baba, da aka ga haka ba ku koma kun faɗa ba?"

"Mun koma. Suka buɗe takarda suka nuna mini inda na dangwala yatsa."

Na so in ji haushin masu aikin, na rasa ta inda zan kama su. Na so in ga laifin tsohon, sai na tuna ko Ardo Bello abin da zai faɗa ke nan, kuma da ni ne a kan buzun nan da shanuna, ban san me zan ce ba. Ban iya rubutun injiniyoyi ba, ban kuma san yadda zan kai wannan magana gida a yarda da ni ba. Sai idona ya faɗa kan igiyar da ke kafaɗar Buba.

Muka koma ƙofar. Mai faci ya janye tayoyinsa. Buba ya riƙe bakin igiya a bango ɗaya, na ja zuwa ɗayan, na ƙulla. Muka roƙi tsohon aka riƙe mana wani jan bijimi, muka auna daga tsinin ƙaho zuwa tsinin ƙaho, na ƙulla. Ƙullin ƙaho ya wuce rabin ƙullin ƙofa, wato biyu ba za su jera ba. Inna Fati da ta biyo mu kallo ta ce ai ba mu gama ba. Ta nuna mana wani baƙin zane a jikin siminti, inda ruwan damina ke tsayawa. Ya kai mini ƙirji. Na auna daga ƙasa, na yi ƙulli na uku.

"Wannan nawa ne," in ji ta. "In kun je ku ce a tambayi mata."

A dawowa mai kakin nan na bakin iyaka ya gane ni. Ya sa aka tambaye ni ko na ga jirgin. Na ce ban gani ba. Ya gyaɗa kai kamar wanda aka biya bashin gaskiya, ya nuna igiyar, ya ce ita fa? Na ce ita na je saye. Bai ƙara tambaya ba.

Na kwashe labari duka na gaya wa Ardo Bello, Buba na gaskata ni. Ardo ya juya igiyar a hannu, ya shafa ƙullin ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Baffa, ka ga abin da talatin ta jawo. Ka faɗa mata gaskiya."

Ya ce, "Ban faɗi."

"To in faɗa?"

"In ka faɗa, kai ka faɗa."

Na san ma'anar wannan. Kwana biyu ina juya abin, ga ranar kasuwa ta wuce ni ina hanya, ga wata kasuwar na tahowa. Ranar da Injiniya za ta dawo, tun da hantsi na sa aka kafa turaku biyu na itace a tsakiyar burtali, tsakaninsu daidai ƙullin farko, aka jera ƙaya hagu da dama. Ban nemi izinin kowa ba sai Buba. Da ta iso na ce kafin a buɗe takarda ta tsaya a kan tudun tururuwa ta ga ƙofar da aka yi wa mutanen Benin. Lokacin saukowa mashaya ne. Buba ya yi kira, shanu suka gangaro.

Ba a yi minti biyar ba abin ya cakuɗe. Na gaba suka tsaya, na baya suka hau su, ƙura ta tashi, wata saniya ta karya turke ɗaya, sauran suka bi ta kan ƙayar. Alhali wannan a fili ne, babu duhu, babu bango. Injiniya ta rufe hanci da gyale tana kallo. Da ƙura ta lafa ta sauko, ta sa aka ja tef aka auna faɗin sawun burtalin tun daga wannan gefe zuwa wancan. Ta karɓi igiyata ta auna ƙulli uku ta rubuta. Na gaya mata saƙon Inna Fati, ta ce za ta dawo da damina ta zauna da matan fadama. Na ce alhamdu lillahi, an gama.

Ta ce, "Alhaji, ba a gama ba. Gurbin nan in babu lamba a ciki, na'ura ba ta karɓar takardar."

Ardo ya dube ni, na dubi ƙasa. Can ya ce, "Ɗiyata, ke kina da ido?"

"Ina da shi, Baba."

"Da yamma za su hawo. Abin da idonki ya gani, naki ne. Ni ban ce ba."

Ya juya ya tafi, bai waiwayo ba. Da yamma ta hau tudun tururuwa ita kaɗai, leɓenta na motsi. Duk Bafulatanin da ke wurin ya ba ta baya. Ni ma na ba ta baya. Har yau ban san lambar da ta rubuta ba, ban kuma tambaya ba.

Ga lissafin tafiyar. Na rasa hula sabuwa. Na rasa kasuwa ɗaya. Saniyar da ta karya turke ta yi ɗingishi mako biyu, mai ita kuwa, Jauro Sambo, ya ce ni na tsayar da baƙuwa ta ƙirga musu dukiya, da bakina ko da igiya duk ɗaya ne. Ya kai shanunsa wurin wani dillali a Lolo, ruga biyu suka bi shi. Goma sha ɗaya sun koma takwas. Wani lokaci in na zauna sai in ga yana da gaskiya, wani lokaci in ga ba shi da ita.

Abin da na samu: takwas ɗin suna nan, kuma babu wanda zai ce ya ji lamba a bakina. Injiniya ta aiko cewa ta rubuta a yi ƙofa mai faɗin burtali, mai buɗaɗɗen sama don haske. Ta ce ita rubutawa take yi, ba ita ke ginawa ba. Turakun masu jan kai gara ta ci rabinsu. Jirgi kuwa, ban gan shi a Benin ba, ban gan shi a nan ba, har yanzu akwai mai rantsuwa a rumfar shayi cewa titi ne za a yi.

Buba ya zo karɓar igiyarsa zai ɗaure sa. Ardo ya hana. Ya ce a bar ta a wurina, a rataye inda ruwa ba ya taɓawa, kada kowa ya kwance ƙullin, domin ranar da masu siminti suka zo, da ita za mu je mu tsaya a kansu. Tana nan a bayan ƙofar ɗakina. Buba kuwa ya ce tunda na riƙe masa igiya, malfar ma in riƙe, ta fi dacewa da kaina.